Facin Da Ya Ke Zuwa Ba Ranarsa Ba

Kowane ɗalibi a wannan kwaleji ya san lokutan ƙararrawa, har ba ya bukatar duba agogo. Akwai ta tashi daga barci, da ta shiga aji, da ta abinci, da ta kashe fitila. Amma in aka buga ta da tsakar dare, ko kuwa ana cikin darasi, ba mai tsayawa ya tambayi ƙarfe nawa ne, gama an sani ba a bugunta haka nan banza. To, kwamfuta ma tana da irin waɗannan ƙararrawa iri biyu, ta kullum da ta gaggawa. Yawancinmu kuwa, da zarar saƙo ya fito a kan gilashi yana cewa a sabunta, sai mu danna "sai an jima", mu ci gaba da abin da mu ke yi. Tun da ya ke da yawa daga cikinmu za a tura mu makarantun da malami guda shi ne zai riƙe mabuɗin ɗakin kwamfuta, ya kamata mu san ma'anar wannan saƙo tun muna nan.

Bari mu fara da abin da a ke facewa. A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja wadda ta ke riƙe da sauran duka, ita ke kula da ajiyar takardu, da shiga intanet, da firinta, da wanda aka yarda ya shiga da wanda aka hana. Windows ita ce wadda muka fi sabawa da ita, na kamfanin Microsoft. Akwai macOS ta Apple, akwai Linux, a wayoyi kuma akwai Android da iOS. Mutane ne suka rubuta su, layi bisa layi, miliyoyin layuka, kuma duk malamin da ya taɓa duba littattafan aji guda ya san ba a yin rubutu mai yawa haka ba kuskure. Yawancin kurakuran ba su da wata illa sai ɗan ɓacin rai. Amma waɗansu sukan bar kafa, watau hanyar da baƙo zai bi daga nesa ya ba kwamfutar umurni kamar shi ne mai ita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran da kamfani ya ke aikowa domin toshe wannan tsaga shi ne faci, daidai kamar yadda mai faci a bakin hanya ya ke like ɓular tayar keke ba tare da ya sake tayar duka ba.

Da can Microsoft ba ta da ranar fitar da faci. Duk sa'ad da aka gama shi sai a sake shi, yau ɗaya, jibi biyu, har masu kula da kwamfutocin ma'aikatu suka gaji, ba su san ranar da aiki zai faɗo musu ba. A ran 16 ga Yuli 2003 kamfanin ya fitar da facin wata babbar kafa, mutane da yawa ba su kula ba. Ran 11 ga Agusta sai ga wata tsutsa mai suna Blaster, watau muguwar manhaja mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba da taimakon kowa ba, ta bi ta wannan kafa ta shiga dubban ɗaruruwan kwamfutoci, tana sa su kashe kansu suna kunnawa. A watan Oktoba na wannan shekara Microsoft ta tsai da rana guda, Talata ta biyu a kowane wata. Ita ce a ke kira Talatar faci, kuma har yanzu a kanta a ke. In ka duba kalanda za ka ga kullum tana faɗowa tsakanin 8 da 14 ga wata. Ana sakin facin da ƙarfe 10 na safe a agogon yammacin Amurka, a nan Nijeriya kuwa ƙarfe 6 ko 7 na yamma ke nan, bisa ga lokacin shekara. Saboda haka a wurinmu aikin na ranar Laraba ne.

Amfanin tsai da rana a fili ya ke. Mai kula da kwamfutoci zai iya shirya aikinsa, ya sanar da mutane, ya ware dare guda. Kamfanin ma yana samun lokacin gwada facin a kan kwamfutoci iri iri kafin ya sake shi. Amma akwai wani abu game da faci wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne kuwa tushen maganata duka.

Faci yana tona asirin kafar da ya toshe. Ka ɗauka wani attajiri yana da doguwar katanga, ɓarayi sun yi ta zagayawa ba su ga inda ta yi rauni ba. Ran nan sai suka ga magini ya zo da laka yana yaɓe wuri guda. Ai ya nuna musu wurin ke nan. In kuwa duk gidajen unguwar da tubali iri ɗaya aka gina su, a kan zane iri ɗaya, to, ɓarayin sun san inda za su haƙa a kowane gidan da magini bai kai ba tukuna. Haka a ke yi da kwamfuta. Masu kutse sukan ɗauko manhajar kafin faci da bayan faci, su jera su, su duba abin da ya sāke. Daga nan sai su gane kuskuren, su ƙera makamin shiga ta wurin. Wani lokaci aikin yakan ɗauke su makonni, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu. Don haka kwamfutar da ba a sa mata faci ba ta fi zama cikin haɗari bayan fitowarsa fiye da kafin ya fito. Wanda ya ce ai jiya ma haka ta ke ba abin da ya same ta, bai lura jiya ɓarayi ba su san wurin ba.

To, in haka ne, me zai sa kamfani ya karya ranar da shi da kansa ya tsayar? Dalilai biyu ne na gani. Na fari shi ne in an tarar ɓarayi sun riga sun san kafar, suna shiga, ko kuwa labarinta ya fita fili kowa yana iya ɗauka. A nan jiran Talata ba shi da amfani, gama asirin da a ke ɓoyewa ya riga ya tonu. Masana suna kiran irin wannan da sunan da ya ke nufin rana sifiri, watau ba a ba masu gyara ko kwana guda na shiri ba. Na biyu shi ne in facin watan da kansa ya ɓata wani abu, tilas a aiko da wani ya gyara ɓarnar.

Misalin na farin ya faru ran 23 ga Oktoba 2008, ranar Alhamis, kwana 9 kacal bayan Talatar facin watan. Microsoft ta fitar da faci mai lamba MS08-067, ta ce a sa shi nan da nan, domin an ga ana amfani da kafar a ɓoye. Waɗanda suka ji ƙararrawa suka tsira. A watan Nuwamba sai tsutsar Conficker ta bayyana, ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, ta kuma koyi bin filashi, har ta daɗe shekaru tana yawo a ɗakunan kwamfuta na makarantu da ofisoshi. Haka kuma ran 2 ga Maris 2021 aka fitar da facin gaggawa na Exchange, manhajar da ma'aikatu ke riƙe wasiƙunsu da ita, kuma cikin 'yan kwanaki ƙungiyoyin masu kutse dabam dabam suka yi caa a kan duk wanda ya yi jinkiri. A watan Yulin shekarar aka sake yin wani, saboda kafa a sashen da ke kula da firinta. Waɗansu masu bincike ne suka wallafa hanyar shigarta a ƙarshen Yuni, suna tsammani an riga an toshe ta a facin watan, ashe wata ce dabam. Ran 6 ga Yuli facin ya fito, mako guda kafin Talatarsa.

Amma labarin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne na shekarar 2017, gama a cikinsa a ke ganin abin duka, daga farko har ƙarshe.

A cikin Windows akwai wata tsohuwar hanya da kwamfutoci ke bi su raba takardu da firinta a tsakaninsu, ana ce mata SMB, tana sauraro ta ƙofa mai lamba 445. Tsohon samfurinta yana da kafa mai muni ƙwarai: wanda ya san ta zai iya aiko da saƙo ta waya ya mallaki kwamfutar, ba sai mai ita ya buɗe wata wasiƙa ko ya danna wani abu ba. Hukumar leƙen asirin Amurka da a ke kira NSA ta san kafar, ta ƙera makami a kanta mai suna EternalBlue, ta ajiye don aikinta. Sai aka sace makamin. Ran 14 ga Maris 2017 Microsoft ta fitar da facin, lambarsa MS17-010, a ranar Talatar da aka saba. Ran 14 ga Afrilu wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta zuba makamin a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Ran Jumma'a 12 ga Mayu kuwa WannaCry ta fashe.

Ku lissafa da kanku. Daga 14 ga Maris zuwa 12 ga Mayu kwana 59 ne. Magani ya yi wata biyu a ƙofar gida kafin cutar ta iso.

WannaCry manhajar neman fansa ce. In ta shiga sai ta kulle takardun da ke cikin kwamfutar da mabuɗin da mai ita ba shi da shi, sa'an nan ta rubuta a gilashi cewa a biya dala 300 da kuɗin Bitcoin, in an yi jinkiri ya zama 600. Da ma an saba ganin irinta. Abin da ya bambanta wannan shi ne an ɗaura mata EternalBlue, saboda haka da ta kama kwamfuta ɗaya a ofis sai ta leƙa ta ga sauran, ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar wutar daji a lokacin hunturu. Hukumar 'yan sandan Turai ta ce ta kama fiye da kwamfuta 200,000 a ƙasashe 150. Ta taɓa kamfanin waya a Sifen, da jiragen ƙasa a Jamus, da masana'antar motoci a Faransa.

Inda abin ya fi ban tausayi shi ne asibitocin gwamnati na Ingila. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin ƙasar ya yi rahoto a watan Oktoba na shekarar, ya ce aƙalla 81 daga cikin hukumomin asibiti 236 abin ya shafa, da ɗakunan likitocin unguwa 595. An ƙiyasta an soke alkawarin ganin likita da na tiyata wajen 19,000, asibitoci 5 kuma suka juya motocin marasa lafiya zuwa wani wuri. Likitoci suka koma takarda da alƙalami, ba su iya ganin sakamakon gwajin jini ko hoton ƙirji. Rahoton ya ce an aika wa asibitocin gargaɗi a Maris da Afrilu cewa su sa facin, kuma duk waɗanda cutar ta kama, ko dai ba su sa ba, ko kuwa suna aiki da Windows wadda aka daina kula da ita. Daga baya ma'aikatar lafiyarsu ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92.

Kada wani ya yi saurin cewa ragwanci ne kurum. Asibiti ba ya rufewa da dare balle a ce a kashe kwamfutoci a kunna. Waɗansu na'urorin ɗaukar hoto an sayo su ne haɗe da kwamfutarsu, wanda ya ƙera su kaɗai ke da izinin taɓa ta. Masu kula da kwamfutocin ba su da yawa, aikin kuwa ya fi ƙarfinsu, kowa kuma yana tsoron ya sa faci wata manhajar da a ke dogara da ita ta tsaya, a ce shi ya jawo. Dalilai ne na gaskiya, kuma irinsu ne za mu ba kanmu a makarantunmu: ana jarrabawa, babu wuta, data ta ƙare, shugaban makaranta bai sa hannu ba. Sai dai tsutsar ba ta tambayi dalilin kowa ba.

Abin da ya tsai da ita a ranar sa'a ce kawai. Wani saurayi Bature ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, yana binciken cikinta sai ya ga tana neman wani dogon adireshin intanet wanda ba mai shi. Ya biya wajen dala 11 ya yi rajistarsa. Ashe an gina ta ne a kan in ta sami amsa daga wannan adireshi ta daina aiki. Yaɗuwar ta lafa. A ƙarshen shekarar gwamnatocin Amurka da Ingila suka ɗora laifin a kan Koriya ta Arewa.

Ga kuma inda facin gaggawa ya shigo. Windows XP an daina yi mata faci tun ran 8 ga Afrilu 2014, an kuma sanar da haka shekaru kafin ranar. Duk da haka, cikin kwana guda da fashewar WannaCry, Microsoft ta saki facin ga kowa kyauta domin XP, da Windows 8, da Windows Server 2003, abin da ta ce ba ta saba yi ba. In ka ga kamfani ya koma ya yi wa kayan da ya riga ya yi sallama da su gyara, ka san ƙararrawar tsakar dare ce. Abin mamaki kuwa, da aka ƙirga daga baya sai aka tarar mafi yawan kwamfutocin da aka kama ba XP ba ne, Windows 7 ce, wadda a lokacin ana yi mata faci kowane wata, facinta kuma yana nan tun Maris.

To, wani zai ce, shi ke nan, ashe duk abin da ya zo a sa shi nan take. Da maganar ta tsaya nan da ta yi sauƙi. Tsoron da masu kula da kwamfuta ke yi wa faci ba tsoron banza ba ne. A watan Oktoba 2018 Microsoft ta janye wata babbar sabuntawar Windows 10 'yan kwanaki bayan fitowarta, domin ta share wa waɗansu mutane takardunsu. A Janairu 2022 facin wata ya sa waɗansu manyan kwamfutocin ofisoshi, irin waɗanda a ke kira uwar garke, suka riƙa kashe kansu suna kunnawa ba tsayawa, har sai da aka aiko da facin gaggawa a cikin mako guda ya gyara abin da facin farko ya ɓata.

Mafi girma duka ya faru ran Jumma'a 19 ga Yuli 2024, kuma ba daga Microsoft ya fito ba. CrowdStrike kamfani ne mai sayar da manhajar tsaro wadda ke zama can cikin zuciyar Windows tana gadi. Da asuba, wajen ƙarfe 5 a agogonmu, ya aika wa abokan cinikinsa wata ƙaramar sabuntawa mai kuskure, ga kowa gaba ɗaya. Bayan minti 78 ya janye ta, amma aikin gama ya gama. Kwamfutocin da suka karɓa suka faɗi, gilashinsu ya koma shuɗi, in an kunna su sai su sake faɗuwa. Microsoft ta ƙiyasta su miliyan 8.5, ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu Windows ba, amma su ne na filayen jirgin sama, da bankuna, da asibitoci, da gidajen talabijin. Tun da ya ke kwamfutar da ba ta tashi ba ba ta iya karɓar gyara ta waya, sai da mutane suka riƙa bin yawancinsu ɗaya ɗaya da hannu suna share fayil ɗin da ya jawo abin. Kamfanin jirgin sama na Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana 5. Babu ɓarawo ko ɗaya a cikin wannan labari, mai gadi ne ya rushe gidan. Daga baya kamfanin ya yi alkawarin zai riƙa sakin irin wannan sabuntawa kashi kashi, ya fara da kaɗan ya ga yadda ta yi, abin da da ma ya kamata a ce yana yi.

Wannan dabara ta kashi kashi ita ce ta fi amfani ga mai riƙe da ɗakin kwamfuta, ko da kwamfuta 10 ce gare shi. A ganina ga yadda ya kamata ya yi. In facin Talata ya fito, ya sa shi a kwamfuta ɗaya ko biyu ran Laraba, ya gwada abubuwan da makarantar ta dogara a kansu: firinta, da manhajar haɗa sakamakon jarrabawa, da shiga intanet. In kwana 2 ko 3 sun wuce lafiya, sai ya sa wa sauran kafin mako ya zagayo. Mako guda jinkiri ne na hankali, wata biyu kuwa mun ga abin da ya haifar. In facin gaggawa ne, to, sai ya karanta sanarwar tukuna, gama ba kowanne ne ya shafe shi ba. Na Exchange, alal misali, ba ruwansa da makarantar da ba ta da uwar garken wasiƙu. Abu uku zai duba a sanarwar: ko samfurin Windows ɗinsa yana ciki, ko ana iya shiga kafar daga nesa ba tare da mai kwamfutar ya danna kome ba, da kuma ko an ce ana amfani da ita yanzu. Kowace kafa tana da lamba mai farawa da CVE da shekararta, ana kuma ba ta maki daga 0 zuwa 10 bisa ga muninta, kamar yadda mu ke ba yara maki, sai dai a nan mai 10 shi ne mafi sharri. In amsar ukun nan i ce, gwajin ya zama na sa'a ɗaya ko biyu, sa'an nan a sa wa duka a ranar, ko da za a ɗage darasin kwamfuta na yamma. In kuwa facin gaggawar na gyaran ɓarnar wani facin ne, wanda ɓarnar ba ta same shi ba yana iya jiran Talata mai zuwa, gama za a haɗa shi a ciki.

Kafin kowane faci kuwa, a kwafe takardu masu muhimmanci a wani faifai dabam, a cire shi, a sa a akwati. Kwafin da aka bari manne da kwamfutar, manhajar fansa takan kulle shi tare da sauran. Wannan kwafi guda shi ne maganin masifun nan biyu, ta ɓarawo da ta mugun faci. Sakamakon ɗalibai na shekara uku da ke zaune a kwamfuta ɗaya tak, ba kwafi ko'ina, abu ne da na gani a makarantar da na yi gwajin koyarwa, kuma ban tsammanin ita kaɗai ce ba.

Akwai wahalolin da su ke namu na nan, waɗanda masu rubuta sanarwar can ba su cika tunawa da su ba. Na ɗaya wuta. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sa faci, kwamfutar tana iya ƙin tashi, don haka a zaɓi lokacin da janareta ke aiki da isasshen mai, ko batir ya cika, kada kuma a kashe ta da hannu don an ga ta daɗe tana juyi. Na biyu tsadar data. Facin wata na Windows yakan kai ɗaruruwan megabait, wani lokaci ya wuce gigabait, in an ninka da kwamfuta 20 kuwa kuɗi ne. Akwai wuri a cikin saitin Windows inda a ke yarda kwamfutocin da ke haɗe a ɗaki ɗaya su raba abin da ɗayarsu ta sauko da shi, kuma ana iya sauko da facin sau ɗaya daga rumbun Microsoft a zagaya da shi a filashi mai tsabta. Mutane da yawa sukan gaya wa Windows cewa datarsu a ƙirge ta ke don ta daina saukar da abubuwa, ko su dakatar da sabuntawa, wanda a ke iya yi har mako 5. Ba laifi a yi haka a makon jarrabawa, muddin an rubuta ranar buɗewa a kalanda. Sa'an nan a tuna faci bai kama aiki ba sai an kashe kwamfutar an kunna. Wadda ta sauko da shi tana ta jira mako uku ana danna "sai an jima", har yanzu kafarta a buɗe ta ke.

Wani kuma yakan ce kwamfutocinsu ba su shiga intanet, saboda haka ba ruwansu. Filashin da malamai ke kaiwa shagon buga takardu su dawo da shi ya isa ya zama hanya, Conficker ta riga ta nuna haka.

Na wayoyi gajere ne. Google ta fara fitar da facin Android kowane wata tun 2015, amma sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ɗauka ya aiko, kuma masu araha da yawa akan daina aiko musu da wuri. In ka shiga saitin wayarka, wajen bayanin waya, za ka ga kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. In ya wuce shekara, ka yi tunani kafin ka ajiye asusun bankinka a ciki. Apple ma ta gwada hanyar facin gaggawa a 2023, kuma a watan Yulin shekarar ta janye ɗaya don ya hana waɗansu shafuka buɗewa, ta sake fitar da shi bayan kwana biyu. A lura kuma, sabuntawa ta gaskiya daga cikin saitin na'ura ta ke fitowa. Saƙon da ya faɗo a shafin intanet, ko ya zo ta WhatsApp, yana ihu cewa a danna nan a sabunta da gaggawa, sau da yawa shi ne ɓarawon da kansa ya sa rigar magini.

Abu na ƙarshe da ke gabanmu yanzu shi ne Windows 10. Microsoft ta daina yi mata facin kyauta na kowa da kowa ran 14 ga Oktoba 2025. Akwai wani shirin ƙarin lokaci, wanda ma'aikatu da makarantu za su iya saya har shekara 3, amma wanda bai shiga ba, kowace sabuwar kafa da aka gano za ta zauna masa a buɗe. Kwamfutocin da yawa na makarantu, musamman tsofaffin da aka samu kyauta, ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, domin tana bukatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta 'yan shekarun nan. Malamin da aka miƙa wa mabuɗi, aikinsa na makon fari shi ne ya ɗauki littafi ya bi kwamfutocin ɗaya ɗaya, ya rubuta samfurin Windows ɗin kowace da ranar facinta na ƙarshe. Waɗanda za su iya hawa 11 a hau da su. Waɗanda ba za su iya ba, ko a saya musu ƙarin lokaci, ko a sa musu Linux, wadda samfurin Ubuntu mai dogon zango a ke yi wa faci shekara 5 kyauta, ko kuwa a raba su da intanet da sauran kwamfutocin, a bar su don koyon buga rubutu kaɗai. Sa'an nan ya kai littafin wurin shugaban makaranta kafin a zauna kasafin kuɗin zango mai zuwa.